Kafin mu rataya wa yaro lambar shugabanci

Tun da makarantu suka fara buɗewa a Jazira da Sinnar da Nil Azrak, bayan dogon rufewar da yaƙi ya jawo, malamai ke ta neman dabarar da za ta dawo wa yara da sha'awar karatu. A makarantar Islamiyyar da nake koyarwa, da wasu na ƙauyukan da ke kusa da mu, shawarar da aka fi kawowa ita ce a kafa majalisar fitattun ɗalibai. Wato a ware yara 'yan kaɗan, a rubuta sunayensu a allon karramawa, a rataya musu lamba a ƙirji, a kira su gaban tabur da safe, sannan a damƙa musu jagorancin sauran 'yan'uwansu. Shawara ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta, domin yabon gwani ya zama dole. Inda gizo ke saƙar shi ne wa za a zaɓa, kuma da wane mudu za a auna shi.

Abin da nake kira gare shi a wannan shafi shi ne, sakamakon jarrabawa ya tsaya a matsayin ƙofar shiga kawai. Abin da zai ba yaro kujera a majalisar ya zama amana da hidimar da aka gani da ido, a cikin makaranta da wajenta, bisa sharuɗɗan da aka rubuta aka karanta wa kowa tun farkon shekara.

Mu faɗa wa juna gaskiya. In aka ce mu fitar da shugaba a cikin yara, hanyoyin da muka saba bi sanannu ne. Ko dai mu ɗauko wanda ya zo na ɗaya a aji, ko ɗan wanda ake jin nauyinsa a gari, kamar liman ko mai unguwa ko attajirin da ya saya wa makaranta kwanon rufi, ko kuma mu ɗauko ƙaton ajin da sauran ke tsoro. Ta biyun ba ta bukatar dogon bayani, kowa ya san son kai ne, ko da an lulluɓe shi da sunan girmama manya. Sauran biyun ne suke kama da gaskiya, shi ya sa ya kamata a tsaya a kansu.

Duk wanda ya yi makaranta a Sudan ya san alfa. Ustaz zai fita, alfa ya miƙe gaban allo da 'yar takarda yana rubuta sunayen masu surutu. Ustaz ya dawo, a karanto sunaye, a yi hukunci. Kowa kuma ya san yadda ake goge suna daga takardar nan: rabin gurasar fatur, ko aron alƙalami, ko kuma kai abokinsa ne. To wane darasi yaron nan yake ɗauka? Yana koyon cewa shugabanci shi ne ka riƙe takardar da za ta sa a daki wani, kuma ƙarfinka duka aro ne daga bulalar wanda ke samanka. Su kuma 'yan ajin suna koyon cewa shugaba mutum ne da ake toshe wa baki ko a kauce masa. Yaron da ya shekara shida a firamare yana haddace wannan darasi, me muke tsammani daga gare shi ranar da ya zama shugaban kwamitin unguwa, ko aka ba shi rajistar rabon kayan agaji? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan zai bushe. In majalisar fitattun ɗalibai za ta zama taron alfa-alfa masu lamba a ƙirji, gara a bar ta.

Sai batun maki. A lokacin zaman lafiya ma maki ba ya faɗin komai game da yadda yaro ke mu'amala da mutane, balle yanzu. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, kuma sai a Janairu 2025 sojoji suka dawo Madani. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahadar sakandare a 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 suka zauna, waɗanda suka samu hali ke nan. A ajin da nake shiga yau, a benci ɗaya za ka ga yaron da iyayensa suka samu damar kai shi Gadarif ko Kasala ya ci gaba da karatu, da yaron da ya yi wannan tsawon lokaci yana tura baro a kasuwa ko yana kiwon awaki don gidansu su ci abinci. In na ce na farkon ya fi na biyun cancantar shugabanci saboda ya fi shi maki a lissafi, ai na hukunta yaro a kan yaƙin da ba shi ya tayar ba.

Ko kafin yaƙi ma haka abin yake a ƙauyukanmu. Yaronmu da Hausa yake tashi a gida, ya shiga aji ya tarar da komai da Larabci, sai ya yi shekara biyu ko uku kafin bakinsa ya buɗe. Wanda gidansu ke cikin kambo, nesa da makaranta, da ƙafa yake zuwa a bakin tur'a, ya iso an gama tabur. Lokacin ciyawa a hawasha, ko tsinkar auduga, ko yankan dawa, aji yakan rage, domin hannun yaro kuɗi ne a gidan da ba shi da gona tasa. Yarinya kuwa kafin ta buɗe littafi da daddare ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta goyi ƙanenta. Maki yana auna ƙoƙarin yaro, gaskiya ne, amma yana auna aljihun ubansa ma. Saboda haka a sa iyaka mai ma'ana, a ce duk wanda ya ci dukkan darussansa kuma yana ci gaba a haddarsa ya isa a duba shi. Daga nan sai a ajiye takardar sakamako a ɗauko wani ma'aunin.

Wannan ma'auni ba sai mun je nesa neman sa ba. A tsangayar da iyayenmu suka yi karatu, wadda a nan muke ce wa halwa, akwai matakai: kolo, titibiri, gardi, har zuwa alaramma da gwani. Malamin da ya san aikinsa ba ya damƙa ƙananan yara hannun gardi don kawai ya fi kowa saurin hadda. Yana duba wanda zai zauna ya biya wa kolo allonsa sau goma bai ƙosa ba, wanda in an kawo abinci zai raba bai zaɓar wa kansa wajen naman ba, wanda zai tashi da asuba ya hura wuta. A manyan masidai irin na Wad al-Fadni da Um Dawwan Ban ana alfahari da wutar tugaba da ake karatu a gefenta, amma itacen ba shi ke kawo kansa ba, almajirai ne ke ɗauko shi a ka. Ban ce halwa ba ta da nata laifin ba. Akwai gardawan da suka mayar da ƙanana bayi, kuma wannan abu ne da ya kamata a hana. Sai dai asalin tsarin shi ne girma yana zuwa da ɗawainiya, kuma ana ganin ɗawainiyar kafin a ba da girman.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da abin da muke son kafawa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimi ya kai ga matan ƙauye. Takan zaɓi mace mai hankali da mutunci a cikin ɗalibanta ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a ɗaure, alamar an amince mata. Aikin jaji shi ne ta jagoranci mata da 'yan mata daga ƙauyensu zuwa wurin karatu, ta kula da su a hanya, ta koma da abin da aka koya ta koyar. Wato malfar nan ranar da aka ɗora ta ne aiki ke farawa. Kalmar jaji kanta daga ayarin fatake take, ita da madugu. Mu kuwa da kakanninmu suka tako daga ƙasar Hausa zuwa bakin Nilu, wasu a hanyar aikin hajji, wasu a hijirar da ta biyo bayan kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, mun san abin da ake nema a madugu. Ana son wanda ya san inda rijiya take, wanda zai iya magana da sarkin garin da aka sauka, wanda kuma ba zai tashi ayari ya bar mai ɗingishi a baya ba.

Addini ma haka ya nuna mana. A ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, halaye biyu ne aka ambata lokacin da za a ɗauke shi aiki, ƙarfi da amana. Amma mu lura da abin da ya gabata: an gan shi ya shayar da dabbobin mata biyu a bakin rijiya, ba wanda ya sa shi, bai kuma nemi lada ba. Hidimar ce ta fara zuwa, shaidar ta biyo baya. Abu Zarr (RA), duk da tsoron Allah da gaskiyarsa da ba a shakka, da ya nemi a ba shi muƙami, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa ba zai iya ɗaukar nauyin ba, ya kuma tuna masa cewa abin amana ne. Shi kuma Usama ɗan Zaidu (RA), wanda bai kai shekara 20 ba, ɗan 'yantaccen bawa, aka ɗora shi a kan rundunar da ke da manyan sahabbai a cikinta. Darasin a fili yake. Mutum yana iya zama nagari ya kasa shugabanci, kuma ƙuruciya ko asalin gida ba sa hana wanda ya iya.

A Amurka akwai wata tsohuwar ƙungiya ta karrama ɗaliban sakandare mai suna National Honor Society, wadda aka kafa a 1921, kuma akwai makarantun Musulmi na can da suke da rassanta. Ginshiƙanta huɗu ne: ƙwazo a karatu, hidima, shugabanci da hali. Maki shi ne sharaɗin farko, wanda ya cika shi sai a duba sauran ukun. Kwamitin malamai biyar ne ke yanke hukunci, shugaban makaranta shi ke naɗa su amma ba ya cikin masu jefa ƙuri'a. Wanda aka ɗauka kuma in ya saki layi ana iya cire shi, bayan an ba shi damar kare kansa. Abin koyi a nan shi ne rubuta doka, da raba hukunci tsakanin mutane da yawa, da sanin cewa lamba ba gado ba ce. Abin da ba zai yi mana ba shi ne dogaro da takardun da ɗalibi ke cikewa yana lissafa ƙungiyoyin da ya shiga da awannin da ya yi aikin sa kai. A ƙauyenmu, yarinyar da kullum take ɗebo wa tsohuwar maƙwabciyarsu ruwa ba ta da takardar da za ta nuna, ba za ta ma ɗauka abin faɗi ne ba. Mu ne za mu je mu gano ta.

To waɗanne halaye za a duba, kuma ta yaya malami zai gan su? Ga abin da nake ba da shawara, kuma kowanne abu ne da ido ke iya gani.

Na farko amana a ƙaramin abu. A ba yaro makullin aji na mako guda, ko kwalin alli, ko kuɗin da aka tara na gyaran randar makaranta, a ga yadda zai dawo da lissafi. A bar shi da takardar jarrabawa malami ya juya baya. Wanda ya tsinci alƙalami ya kawo ofis ba tare da an yi cigiya ba, a rubuta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na biyu, ina iliminsa ke zuwa? Akwai yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke rufe littafinsa da hannu kada na kusa ya gani, ko a lokacin bita. Akwai kuma wanda in an tashi zai zauna da ɗan gudun hijirar da ya rasa shekara biyu ya fassara masa darasin da Hausa har ya gane. A yanayin da muke ciki, malami ɗaya da aji cike maƙil, yaro na biyun nan rabin malami ne. Shi majalisar take nema.

Na uku adalci lokacin da abin ya shafi nasa. Kowa yana iya faɗin gaskiya a kan wanda ba ya so. A duba yaron da in rigima ta tashi tsakanin abokinsa da wani, ko tsakanin Bahaushe ɗan'uwansa da yaron wata ƙabila, zai faɗi abin da ya gani. A duba wa yake cin fatur da shi, da wa yake wasa, in an zagi wani da asalinsa ko da kalar fatarsa me yake yi. Wannan sharaɗi kada a yi masa sassauci.

Na huɗu, ya iya bi? A sa shi ƙarƙashin wani a aikin sharar makaranta ko a wasan ƙwallo, a ga ko zai yi aiki ko zai koma gefe yana gunaguni don ba shi ne gaba ba. Wanda bai iya zama mamu ba, limancinsa abin tsoro ne.

Na biyar, ya iya buɗe baki gaban babba cikin ladabi. Mun daɗe muna rikita kunya da tarbiyya, har muna ganin yaron kirki shi ne wanda ba ya ɗaga kai. Ladabi wajibi ne, amma shugaban ɗalibai dole ya iya zuwa ya ce, "Ustaz, Allah Ya gafarta malam, hukuncin nan ya faɗa kan wanda bai yi laifi ba." Ya kuma iya faɗin haka da Hausa a gida, da Larabci a ofis. Al'ummarmu tana da bukatar masu irin wannan baki fiye da yadda muke zato.

Sallah da Alƙur'ani fa? Suna nan, su ne tushe a makarantar Islamiyya. Sai dai mu yi hattara kada mu koya wa yara riya da hannunmu. In aka ce wanda ya fi bayyana a sahun gaba shi za a zaɓa, sahun gaba zai cika har ranar zaɓe, washegari ya koma yadda yake. Kiyaye salla ya zama sharaɗi a kan kowa, kamar yadda cin darussa yake. Amfanin sallar kuma a neme shi a waɗancan halaye biyar, domin nan yake bayyana.

Yadda za a yi zaɓen shi ma yana da muhimmanci kamar halayen. A kafa kwamiti na malamai, maza da mata, a sa malamin Alƙur'ani a ciki. Duk malamin da ɗansa ko ƙanensa ko ɗan ɗakinsa ke cikin waɗanda ake dubawa ya tashi ya ba da wuri in an zo kansa. A nemi shaidar mutanen da yara ba sa yi wa kwalliya: mai gadi, da mai sayar da fatur a bakin ƙofa, da matar da ke share ofis. Su suka san wanda ke gaisuwa ko ba malami a kusa, da wanda ke ture ƙanana a layi. A tambayi ƙananan aji a asirce, kowa ya rubuta sunan babban ɗalibin da ya taɓa taimakonsa da abin da ya yi masa. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa wa malama a kunne. A ɗauki zango guda cur ana lura kafin a sanar da kowa, domin ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A ware wa 'yan mata kujerunsu daidai da yawansu a makaranta, su ma da ayyukansu na gaske, kada a tsaya ga ba su rera waƙar maraba ranar biki. Kowane ɗan majalisa a ba shi aiki takamaimai: wannan bita da 'yan aji uku, wannan kula da ruwan sha, wancan bin sawun waɗanda suka daina zuwa. A hana su bulala da rubuta sunaye. Kujerar ta zama ta shekara guda, a sake dubawa. Wanda ya ci amana a zaunar da shi a ji ta bakinsa, in ta tabbata a karɓi lambar ba tare da tozarta shi gaban tabur ba, a kuma bar masa ƙofar dawowa.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce. Za su ce in ba a fifita na ɗaya ba, yara za su daina ƙoƙari. Ai ba a ce a daina karrama na ɗaya ba. A ba shi kyautarsa, a kira sunansa, a yi masa tafi, haƙƙinsa ne. In kuma ya haɗa ƙwazo da waɗannan halaye, wanda sau da yawa hakan na faruwa, to shi ne kan gaba. Kyautar ƙwazo daban, amanar jagoranci daban.

Wasu za su ce maki lamba ce da ba ta ƙarya, hali kuwa kowane malami da yadda yake gani, don haka son kai zai fi samun ƙofa. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa na dage a kan rubuta sharuɗɗa, da yawan masu hukunci, da kawo hujja. Malamin da ya ce wane yana da hali a tambaye shi, me ka gani, yaushe? Wanda ya ce wance ba ta dace ba shi ma ya kawo abin da ya gani. "Ɗan gidan mutunci ne" ba hujja ba ce, haka ma "ai 'yan kambo ne".

Wasu kuma za su ce addini ya hana neman muƙami, to yaya za a yi da yaron da ya fito ya ce yana so? Gaskiya ne an yi gargaɗi a kan kwaɗayin shugabanci. Amma Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar lokacin da yunwa ke tafe, don ya san zai iya tsarewa. A tambayi yaron wane aiki yake son ɗauka. In amsarsa lamba ce da tsayuwa gaban tabur, an gane. In ya ce yana son ya riƙa rako ƙananan da ke tsallake tur'a, a gwada shi.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan dogon zance a kan lambar da za a rataya wa yaro ɗan shekara goma sha uku? To mu tuna inda muke. A Yuli 2022, da kuma Oktoba na shekarar a Wad al-Mahi, an zubar da jini a Nil Azrak tsakanin maƙwabtan da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Kowa ya ga yadda kalma ɗaya a Facebook ke iya zama wuta, ya kuma ga darajar mutumin da ɓangare biyu za su saurara in ya yi magana. Da babban yaƙi ya zo, ofisoshi suka rufe, masu manyan muƙamai da yawa suka yi nisa, su wa suka riƙe mutane? Matasan da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da takiyya, suna dafa wa unguwa abinci a tukunya ɗaya, suna neman magani, suna ɗaukar marasa lafiya. Abin da Larabawa ke ce wa nafir, mu muke ce wa gayya. Ba wanda ya tambaye su na nawa suka zo a aji. An ba su kuɗi da hatsi ne don an yarda ba za su ci ba.

Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, duk da cewa kakanninmu sun zuba gumi a Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Har yanzu akwai ƙauyukanmu da ke neman makaranta, da ruwa mai tsabta, da takardun ƙasa ba tare da dogon bincike ba. Waɗanda za su shiga ofis su nemo mana waɗannan abubuwa nan da shekara ashirin, waɗanda za su zauna da maƙwabta in an samu saɓani, waɗanda za su riƙe asusun masallaci da na ƙungiyar manoma, yanzu haka suna zaune a kan benci a gabanmu. Abin da muka yaba a jikinsu yau, shi za su ɗauka cewa shi ne shugabanci.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da su dakata da buga lamba har sai an zauna an rubuta sharuɗɗa an manna a bango, da Hausa da Larabci. Ina kira ga 'yan'uwana malamai da mu buɗe 'yar takarda tun yau, mu riƙa rubuta alherin da muka ga yaro ya yi, kamar yadda aka daɗe ana rubuta laifinsa. Iyaye kuma, don Allah, kada wanda ya zo ofis yana neman a sa ɗansa. In ba a zaɓe shi bana ba, ku tambayi kwamiti abin da ya rage masa, ku taimaka masa a gida. In kuma an zaɓe shi, kafin ku yi masa barka ku gaya masa cewa babba juji ne, kuma kaya aka ɗora masa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya dawo wa Sudan da zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.